Alu Daktilo da Na'urar da Ba Ta Numfashi

Duk wanda ya taɓa zuwa neman takarda a meri ta wajen Bukoki, wato ofishin magajin gari, ya san rumfar kwanon da ke jingine da katanga, ƙarƙashin dogon yaro na biyu in an ɓullo daga kasuwar Katako. Tebur ɗaya ne a ciki, da bencin masu jira, da randa a kusurwa. Mai rumfar sunansa Alu ɗan Ado, amma a Yamai ba kowa ya san shi da wannan suna ba. Alu Daktilo ake ce masa, domin aikinsa ke nan tun yana saurayi: buga wa mutane takarda da Faransanci.

Mutum yakan zo ya zauna, ya zazzage damuwarsa da Hausa ko da Zabarmanci, ya haɗa da labarin kakarsa da na maƙwabcin da ya ci masa iyaka. Alu ya karkata kai yana saurare, ba ya katse shi. In mutum ya gama, sai ya ɗora yatsunsa goma, ka ji kamar ruwan farko ya sauka a kan kwano. Ba ya duban hannunsa ko sau ɗaya. Abin da aka yi rabin awa ana faɗa sai ya fito layi goma sha biyar, kowace kalma a mazauninta. Ma'aikatan meri sukan gane takardar Alu tun daga nesa, kuma ba su cika mayar da ita ba.

A Tibirin Gobir aka haife shi, shekara biyar kafin ƙasa ta samu ƴancin kai. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya gama aji shida. Shekarar babban fari, 1973, ya hau motar kaya ya zo Yamai wurin kawunsa tela. A lokacin gada ɗaya tak ce a kan kogi, ita ma sabuwa, kuma da yamma mutane sukan je su tsaya a kanta don kallo kawai. Ɗinki bai karɓe shi ba. Sai kawun ya ji labarin ajin koyon keken rubutu da ake yi a mishan, ya kai shi, bayan ya ja masa kunne cewa hannu aka kawo ya koya, ba addini ba.

Malamar ajin wata sista ce ƴar Faransa, Maser Odil, doguwa, mai ƴar sandar awo a hannu kullum. Kekuna goma sha biyu ne a ɗakin. Ranar farko ta ɗaura wa kowane ɗalibi baƙin ƙyalle a wuya, ta shimfiɗa ɗaya bakin a kan keken, hannuwa suka ɓace a ƙarƙashi. Tana ƙwanƙwasa tebur da sandar, kowane bugu harafi ɗaya. Wanda ya ɗaga ƙyallen ya leƙa, sandar ta sauka kusa da kunnensa. In lokacin la'asar ya yi kuwa, ita da kanta take duban agogo ta ce wa Alu ya je ya yi sallarsa, ta kuma hana kowa zama a kujerarsa har ya dawo. Wata tara ya yi a ƙarƙashin ƙyallen nan. Da aka cire, ya tarar ba ya bukatar idonsa.

Ya samu aiki a wani kamfanin fatu da ƙiraga, ya yi shekara goma sha bakwai yana buga wasiƙu zuwa Marsai da Kano. A nan ya yi aure, aka haifa masa ƴaƴa biyar. Da kamfanin ya rufe a 1991, ya fito da keken da yake aiki da shi, ya kafa rumfar nan, bai sake yi wa kowa aiki a ƙarƙashi ba.

Ordinater, wato kwamfuta, ta iske shi a 2005, lokacin da ofisoshi suka fara yatsina fuska in sun ga takardar keke. Isaka, mai gyaran na'urori a bakin Katako, shi ya haɗa masa ta farko, ƙatuwa, mai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur, mai tsarin Windows. Alu ya shafa maɓallan, ya tarar haruffa suna nan inda Maser Odil ta bar su, hankalinsa ya kwanta. Abu ɗaya ya ƙi: ɗan abin nan mai wutsiya da ake ja a kan tebur, wanda suke kira suri. Ya ce hannun da ya bar maɓalli ya tafi yawo ba hannun daktilo ba ne. Ya rataye shi a ƙusa, ya sa Isaka ya koya masa yadda ake yin komai da maɓallai. Ƙaramin yatsan hagu ya danne maɓallin kusurwa, wani yatsa ya taɓa harafi ɗaya, shafi ya buɗe. Wani harafin ya adana, wani ya aika wa injin bugawa. Sau biyu ya sake na'ura bayan wannan, amma duk dangi ɗaya ne, hannunsa bai ma lura ba.

A azumin 2019 ya ɗaga kai ya dubi agogon bangon masallaci, ya ga da'irarsa sarai, amma bai ga hannuwan agogon ba. Duk abin da ya tsura wa ido, tsakiyarsa sai ta zama kamar an shafa toka, gefe-gefe kuwa yana gani. Ya tafi wurin likitan ido shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba. Likita ya haska, ya sake haskawa, ya ce ba yana ba ce da za a cire, can ciki ne abin ya gaji. Hanya zai ci gaba da gani, da inuwar mutane, amma karatu ya ƙare.

A kan hanyar komawa Alu ya yi tunaninsa ya gama. Wa zai miƙa takardar filinsa ga makaho? Ƴaƴansa kuma, masu tausayi ne, ranar da suka ji za su shimfiɗa masa tabarma a zaure, su ce Baba ya huta. Shi kuwa ya san mutanen da aka ce su huta, ya raka da yawa daga cikinsu maƙabarta. Saboda haka ya yi shiru, ya shirya aikinsa yadda ba wanda zai gane.

Ya daina karɓar aikin ɗaliban jami'a masu kawo rubutun hannu, ya ce ya gaji da rubutunsu mai kama da sawun kaji. In takarda tana da lamba ko kwanan wata, sai ya laluba aljihu ya ce tabaransa na gida, mai ita ya karanta masa, ko mai hoton fasfo na rumfar gaba. Sauran kuwa kunne da hannu suka ɗauka. Da safe in ya danna maɓallin kunnawa, fankar cikin akwatin takan yi tari ta kama gurnani. Sai ya ja carbi zagaye biyu. Kafin ya kai ƙarshe gurnanin ya lafa, ya san ta shirya. Takardun da ya saba bugawa, guda arba'in da uku, kowace ya ba ta lamba, lambobin suna kansa. Kuskure kuwa, yatsan da ya yi shi yakan sani tun kafin ya ɗago, ya koma ya goge. Kusan shekara huɗu yana haka, yana fuskantar gilashin na'ura kamar mai karatu, ba wanda ya taɓa dawo masa da takarda.

Ranar wata Alhamis cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafi, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke da hantsi, ya dawo da ƙarfi bayan azahar. Akwatin ya yi ƙara ɗaya, warin ƙonewa ya tashi. Isaka ya zo ya kwance shi, ya sunsuna, ya girgiza kai.

"Baba Alu, wannan sai dai a yi mata addu'a. Amma takardunka na nan, zan kwashe maka su."

"Ka samo mini irinta."

"Irinta sak? Ka ba ni mako biyu."

Ba a kai mako biyun ba. Zalika, autarsa, tana aiki a wata ƙungiya mai auna rijiyoyi, tana zaune a Lamorde, hayin kogi. An sake musu na'urori a ofis, an bar wa kowa tsohuwarsa. Da ta ji labari ta biya wurin Isaka ta karɓi takardun, ta zuba su a tata, ranar Asabar da safe ta ƙetaro gada ta iske mahaifinta a tsakar gida yana shan koko. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗora masa wani abu a cinya.

Alu ya shafa. Sanyi, sumul, kamar farantin silba, kaurinsa bai kai na littafin lakwal ba.

"Wannan murfin ne. Ina injin?"

"Shi ke nan gaba ɗaya, Baba. Mak ake ce mata. Ba dangin waccan ba ce, tsarinta daban. Kuma in ta sha kuran da safe, har la'asar ba ta neman wani."

Ta buɗe, ta kunna. Alu ya jira tari, ya jira gurnani, bai ji komai ba. Ya sunkuya ya kara kunnensa a jikinta. Tsit. Ya zagaya gefenta da yatsa yana neman ramukan da iska ke fita.

"Ta ina take numfashi?"

"Ba ta yi."

"Kuma tana aiki yanzu haka?"

"Tun ɗazu."

Ya daɗe riƙe da ita. Shekara hamsin yana zaune da injuna, kowane da muryarsa: keke mai ƙararrawa a ƙarshen layi, akwati mai gurnani. Bai taɓa zaton ɗan Adam zai ƙera abin da ke tunani ba tare da ko motsi ba. Ya ce a hankali, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da mutum." Can ƙasan mamakin kuma tsoro ya kwanta masa, domin abin da ba ya ƙara, kunne ba shi da abin kamawa.

Zalika ta matso ta shiga nuna masa. Ga inda ake taɓawa a buɗe shafi, ga takardunsa a nan, ga ɗan jan ɗigon da ke rufewa. Yatsanta yana yawo a kan gilashin, shi kuwa toka kawai yake gani da ɗan haske a gefe.

"Ka gani, Baba?"

"Na gani."

Ranar Lahadi ya zauna da ita shi kaɗai a inuwa. Maɓallan gajeru ne, ba sa nutsewa, kamar ana taɓa ƙwayar wake a faranti. Ya laluba layin tsakiya har ya samu ƴan ƙusoshin nan biyu da ake sa wa manuniya alama. Suna nan. Ya bi haruffa ɗaya-ɗaya, duk suna gidajensu na Faransanci. A kusurwar hagu ma akwai maɓalli. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce ashe dai riga aka sake. Ya rufe ta ya tafi masallaci da sauƙin rai.

Litinin da safe Zalika ta nemi izini a ofis don ta haɗa masa injin bugawa. Ta kunna na'urar ta ajiye a tebur, ta tsuguna a ƙasa tana fama da wayoyi. Sai ga Sumana, shugaban masu lambu na Gamkalle, tsoho Bazabarme mai tabon ƙasa a ƙafar wando, abokin Alu na shekara talatin. Tsakanin Bazabarme da Bagobiri kuwa ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Bawana, an ce injinka ya mutu. Na zo ta'aziyya. Wannan fa, farantin tuwo aka ba ka sadaka?"

"Zauna can nesa, kada ka taɓa mini da hannun taki. Me ya fito da kai daga cikin latas?"

Magana ce mai nauyi ta kawo shi. Bara da kogi ya cika, ya fasa ganuwar ƙasar da ke kare lambunansu, ya kwashe fadamar mutum sittin. Suna roƙon meri ta taimaka da motar tura ƙasa kafin damina. Majalisar meri za ta zauna gobe, kuma takardar da ba ta shiga yau kafin sha biyun rana ba sai zama na gaba, bayan ruwa ya riga ya sauka.

Alu ya saurara har ƙarshe. Ya sa ƙaramin yatsa a maɓallin kusurwa, ya taɓa harafin da ke buɗe shafi. Ya ja carbi zagaye biyu, don tabbaci. Sa'an nan ya ɗora yatsu goma.

Waɗanda suka san shi sun ce bai taɓa buga takarda mai kyan wannan ba. Ya kawo tsawon ganuwar da faɗin inda ta fashe, ya kawo yawan gidajen da ke ci daga lambun, ya tuna wa majalisa cewa latas da kabejin da ke kan teburinsu daga can suke fitowa, duk cikin ladabi. Minti ashirin yatsunsa suna gudu, idonsa a kan gilashi. Zalika ta gama da wayoyi tun a tsakiya, ta miƙe ta tsaya a bayansa. Da ya kai ƙarshe ya danna abin da ya saba dannawa don adanawa, ya juya na'urar wajen Sumana yadda yakan yi wa kowa.

"Ga ta. Zalika, fitar mana da biyu."

Ba wanda ya motsa. Sumana ya matso da fuska, ya ja baya, ya sake matsowa.

"Ni dai ban yi lakwal ba, Alu. Amma dutse nake gani, da ruwa a gindinsa. Ko a cikin dutsen rubutun yake shiga?"

Hoton da ke kan gilashin tun safe ne, shafi bai taɓa buɗewa ba. A wannan na'ura maɓallin kusurwa ba shi ne mai ba da umarni ba, kuma Zalika ta saba kashe mata sauti saboda ofis, don haka ko ƙorafi ba ta yi ba. Duk abin da ya buga ya tafi a iska.

"Baba," in ji Zalika, muryarta ƙasa-ƙasa, "mene ne a kan gilashin nan?"

Alu ya buɗe baki zai ce tabaransa na gida, ya ji maganar ta yi masa nauyi. Ya sauke hannuwansa a cinya. Sumana ya tashi ya nufi randa, ya ɗebi ruwa, ya juya musu baya, ya yi ta sha kamar wanda ya kwana uku a daji.

Zalika ta durƙusa a gefen kujerar. "Tun yaushe?"

"Azumi biyar ke nan da na bana."

"Kai kaɗai?"

"Da wa zan raba? Yanzu sai ki kira yayyenki, ku kai ni zaure ku ajiye."

Ta share fuska da bakin mayafi. Ta ce, "Akwai wani a ofishinmu, Bashir, shi da makanta aka haife shi. Shi ke rubuta rahotonmu na ƙarshen shekara. Ba ni hannunka."

Ta kama babban yatsansa na hagu, ta ɗora a kan wani maɓalli da ke maƙale da dogon nan na tazara. Ta kai ɗaya hannun can layin sama, ta danna da shi. Ta ƙara sauti.

Na'urar ta yi magana. Muryar mace ce, da Faransanci tsantsa, ba gaggawa, ta ce mai karatu ya kunnu. Alu ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi, ya nemi tsari. Sumana ya saki moɗa a cikin randa.

"Wace ce a ciki?"

"Ba kowa, Baba. Ita ce. Duk abin da ke kan gilashi za ta faɗa maka. Taɓa ka ji."

Ya taɓa. Muryar ta faɗi sunan abin da ya taɓa. Ya matsa gaba, ta faɗi na gaba. Zalika ta bi da shi har muryar ta ce sabon shafi, babu komai a ciki. Ya danna harafi ɗaya, ta kira sunan harafin. Ya danna wani, ta kira. Leɓunansa suna motsi, yana bin ta.

"Ƙarfe goma sha ɗaya saura," in ji Sumana daga bakin randa, a hankali, ba tsiya a ciki.

Alu ya gyara zama. Takardar tana nan a kansa, layi bisa layi. Ya sake buga ta daga farko, muryar tana bin sa a guje tana haɗiye rabin kalmomi, domin ba a yi ta don hannu irin nasa ba. Da ya gama, Zalika ta nuna wa yatsunsa yadda ake cewa a karanta duka.

Muryar ta fara daga kwanan wata, ta gangaro. Alu ya sunkuyar da kai. Shekara hamsin yana zuba Faransanci a takarda, ma'aikata suna karantawa a zuci su buga hatimi, masu takarda suna ninkewa su sa a aljihu. Bai taɓa jin wani baki ya furta abin da ya rubuta ba. Yanzu ga jimlolinsa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, suna tsayawa inda ya sa su tsaya, suna numfasawa inda ya sa waƙafi. Da aka zo wurin latas da kabeji ya ji ashe maganar ta zauna daidai, har ya gyaɗa kai kamar wani ne ya rubuta. Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa, bai share ba.

"Sake," ya ce.

"Bagobiri," in ji Sumana, "ku yi zancenku da amaryar daga baya. Mutum sittin na jirana."

Injin bugawa ya fitar da biyu. Sumana ya sa hannu, ya shiga meri saura minti ashirin.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Kullum da sassafe, kafin ta wuce ofis, Zalika takan ƙetaro gada ta zauna da shi rabin awa. Aikin da ƙaramin yatsa ya yi shekara goma sha takwas yana yi, yanzu babban yatsa ne zai yi, ƙaramin kuwa ya ƙi yarda an sauke shi, kullum sai ya riga kowa zuwa kusurwa. Sau biyu Alu ya rufe takarda bai adana ba. Wata rana muryar ta yi ta maimaita abu ɗaya ya rasa hanyar fita, ya rufe na'urar ya ce a mayar wa mai ita. Kafin azahar ya sake buɗewa. Yayyen Zalika sun zo da maganar zaure, kamar yadda ya zata. Ya sa na'urar ta karanta musu takardar da ya buga a gabansu, babban ya ce to a bari a gani.

A kwana na goma Isaka ya zo da akwati a kafaɗa, ya samo irin tsohuwar. Ya tarar da Alu da ƴar waya a kunne yana aiki. Labarin idonsa ya riga ya kai Katako.

"Baba Alu, ai da ka faɗa mini. Waccan ma ana sa mata murya. Aikin rabin awa ne, da tuni na yi maka."

Alu ya cire wayar daga kunne. "Tun a wancan lokacin?"

"Tun kafin nan ma."

Shekara huɗu yana jan carbi yana sauraren fanka, yana kwana da tsoron ranar da za a gane, ashe abin yana bayan kalma ɗaya da bai iya furtawa ba. Daga baya ya yi ƴar dariya, ya ce wa Isaka ya kai wa wani akwatin, Allah ya sa albarka. Babban yatsa ya fara sabawa, ba zai sake rikita shi ba, ga shi kuma kuran ya ɗauke tun hantsi wannan ba ta ma sani ba.

Abin da ya ji tsoro ya faru, amma ba duka ba. Wani dillalin filaye da ya shekara goma yana kawo masa aiki bai sake zuwa ba. Waɗansu suka koma wurin samarin da ke da shago a tsallaken titi. Bencin ya yi kwanaki ba ya cika.

Wata Laraba wani direban babbar mota, Idrisa, ya tsaya a bakin rumfar, bai zauna ba. Takardar tuƙinsa ta ɓace a hanyar Gaya, yana son a rubuta masa neman wata.

"Baba, an ce ba ka gani."

"Gaskiya aka gaya maka."

"To in ka yi kuskure, wa zai duba?"

"Zauna ka faɗi abin da ya faru. In ba ta yi maka ba, ga shago can."

Idrisa ya zauna a bakin benci, ya faɗa. Alu ya buga. Da ya gama ya zare wayar kunne, ya ƙara sauti, ya sa muryar ta karanta jimla ɗaya, ya tsayar da ita, ya juya wa direban da Hausa. Ta karanta ta biyu, ya juya. Idrisa ya matso har gwiwarsa ta taɓa tebur. Shekara ashirin yana sa hannu a takardu, in ji shi, ba a taɓa gaya masa abin da ke ciki ba.

"Tsaya, Baba. Wurin nan da ta ce a Gaya ta ɓace. Ba cikin gari ba ne, kafin a shiga ne, wajen da ake auna motoci."

"Ka ga amfanin ji," in ji Alu. Ya koma layi na huɗu, ya gyara, muryar ta sake karantawa.

"Haka ne," in ji Idrisa. Ya leƙa waje ya kira yaran motarsa biyu da ke jira a inuwa, manya masu gemu, ya ce su zo su ji. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya sauraro har ƙarshe, sa'an nan ya zauna a benci, ya ce shi ma yana da magana, ta takardar haihuwar ƴarsa.

Alu ya buɗe sabon shafi, ya karkata kai.